Wai injin ne ya mutu: yadda ake gano abin da ya kayar da ƙaramin jirgi

Shekaranjiya da daddare muna zaune a majalisarmu ta bakin gareji nan hanyar Bauchi, sanyin Jos ya fara saukowa kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, sai ƙanena ya miƙo waya wai yaya kalli wannan. Bidiyo ne da bai kai minti ɗaya ba, irin waɗanda ake ta turawa a WhatsApp, wani ɗan ƙaramin jirgi ne a can ƙasar Turawa, irin wanda in ka gan shi a ƙasa za ka rantse keke Napep ne aka ɗora wa tamfol a ka, ya tashi lafiya lau, ya ɗan yi sama, ya karkata hagu kaman zai juyo, sai kawai hancinsa ya yi ƙasa ya wulwula kaman katantanwa ya ɓace bayan bishiyoyi. An rubuta a ƙasan bidiyon wai matuƙin bai yi rai ba.

Kafin a gama innalillahi har an gama bincike a majalisa. Wani ya ce injin ne ya mutu. Wani ya ce ai dama wannan ba jirgi bane ganganci ne. Alhaji mai shago ya ce kwana ne ya ƙare kawai, a bar zancen. Oga mai garejin ne kaɗai bai tanka ba, yana can yana wanke kafireta da fetur a cikin gwangwani.

Toh maganar Alhaji ba mai ja da ita, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ajali da sababi yake zuwa, kuma sababin nan in ba a gano shi ba yana nan zaune yana jiran na gaba. Wadda nake ja da ita ita ce ta farko, wai injin ne ya mutu, don ni mutum ne mai ɓata data wajen karanta rahotannin hatsarin jirgi, kuma abin da na lura da shi shine inda mu muke rufe zance da wannan kalmar, nan ne masu bincike ke buɗe nasu.

Wane irin jirgi ma ake magana tukuna. Turawa na ce masa maikurolait ko oltiralait, mu a majalisa mun sa masa keken sama. A Amurka tun 1982 akwai dokarsa, sashe na 103, ta ce kujera ɗaya, nauyinsa ba mai ba mutum kada ya kai fam 254, wato kilo 115, buhun masara ɗaya da ɗan ɗori kenan, tankinsa kada ya wuce galan 5, kusan lita 19, ko jarka bai cika ba, gudunsa kada ya wuce wajen kilomita 102 a awa. In ya cika sharuɗɗan nan ba a tambayarka lasin, ba rajista, ba gwajin likita, ka hau abinka. A Turai sun fi faɗaɗa ma'anar, har mai kujera biyu mai kilo 450 da mutane da mai da komai, daga baya ƙasashe irin su Jamus suka kai shi 600, amma can sai da lasin. Jikinsa bututun alminiyom ne da wayoyi da yadi, injin kuma galibi Rotax ne da ake ƙerawa a Ostiriya.

Ga inda wahalar take. Ranar 29 ga Oktoba 2006 da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da mutum sama da 90, akwai baƙin akwati, akwai maganar da aka yi da hasumiyar filin jirgi, shi ya sa aka iya bin abin sakan bayan sakan har aka ce iska ce ta juya musu farat ɗaya, aka ɗaga hanci fiye da kima, fiffike ya daina ɗauka. Keken sama ba shi da ko ɗaya. Ba akwati, sau da yawa ba rediyo, na'urar rada mai hango jirage ba ta ganinsa, wanda ya san abin da ya faru kuma shine ke kwance. Shaidan da ya rage tarkacen ne kaɗai da ƙasar da ya faɗa a kai.

Kuma mu nan ne muke da laifi, gaskiya ɗaya ce. Duk wanda ya tuna faɗuwar jirgi a unguwar Gwammaja ta Kano a 2002 ya san yadda jama'a ke cika wuri in jirgi ya faɗi. Ceton rai dole ne, wannan ba a jira kowa, a ciro mutum a kai shi asibiti. Amma bayan nan fa, wannan ya ɗaga fiffike ya jingina da bishiya don hoto ya yi kyau, wancan ya murɗa makunnin mai ya rufe, yara su ɗebi gutsattsarin farfela su kai gida, kafin la'asar 'yan jari bola sun ji labarin alminiyom. Makunnin man nan da wani bawan Allah ya rufe da kyakkyawar niyya, in bai faɗa wa kowa ba, mai bincike zai zo gobe ya same shi a rufe ya shafe wata uku yana bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Abu na farko da mai bincike ke yi in ya iso ba inji yake dubawa ba. Zagayawa yake yana neman kusurwa huɗu: hanci, wutsiya, bakin fiffiken dama, bakin na hagu. In duk huɗun suna wuri ɗaya toh jirgin ya iso ƙasa a haɗe. In kuwa aka tsinci rabin fiffike a gonar dankali mita 300 baya, zance ya canza gaba ɗaya, jirgin a sama ya rabu, sai a koma neman abin da ya fara karyewa. Sannan ya kalli yadda tarkacen ya kwanta. Doguwar shara a ƙasa, ciyawa ta kwanta, taya nan, kujera can gaba, wannan jirgi ne da ya zo da gudu a kwance, wataƙila ma matuƙin na ƙoƙarin sauka ne. Amma in komai na tattare a ɗan fili da bai fi ɗaki biyu ba, hanci ya nutse, fiffike ɗaya ya matse kaman an taka gwangwani, wutsiya ta murɗe gefe, bishiyoyin da ke kewaye ko reshe bai karye ba, toh daga sama ya zubo a tsaye yana juyawa. Tun kafin a kwance noti ɗaya an raba zancen gida biyu.

Sai farfela, ita ce ta fi kowa gulma. Farfelar da inji ke juyawa da ƙarfi in ta daki ƙasa, in ta katako ce ko ta roba mai zare, fashewa take ta watsu nesa, kowane reshe ya gutsure, har za ka ga inda ta sassari ƙasa ko reshen bishiya a jere kaman an bi da adda, kuma daga tazarar saran ana iya lissafa gudun jirgin. Wadda ba ta juyawa kuwa, reshen da ya kalli ƙasa ne kawai zai karye ya lanƙwashe baya, sauran suna nan garau ko ƙwarzane babu. Shi ya sa gutsuren da yaro ya sa a aljihu ya fi masa tsada a wurin mai bincike.

In farfela ta ce inji ba ya ja, sai a kai shi benci. Oga da irinsa a nan ba za su ji baƙunta ba ko kaɗan, don Rotax 582 da ke kan da yawa daga cikin jiragen nan inji ne irin na ƙaramin janareta ko tsohon babur mai hayaƙi, wanda fetur da baƙin mai ke tafiya tare, ƙarfin doki 64, kamfanin ya ce a yi masa garambawul duk bayan awa 300. Za a ciro fulogi a ga launinsa, ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat mai ya yi kaɗan inji ya yi zafi, baƙi jiƙe mai ya yi yawa. A leƙa fistin a ga ko ya kama ya karce jikin silinda. A buɗe kofin kafireta a ga akwai mai ko a bushe yake, ko ruwa ne kwance a ƙasa. A yanka matacin mai. A bi tiyo daga tanki har inji ana neman tsaga, har ɗan hujin da iska ke shiga tanki ana dubawa, don zanzaro in ya toshe shi da laka mai zai daina sauka bayan 'yan mintuna da tashi. In injin bai farfashe ba ma ɗaure shi ake a tada shi, kuma abin mamaki sau da yawa sai ya tashi ya yi ta kuka kaman ba abin da ya faru.

Maganar mai kuma a ƙasar nan sai an dage da ita, don jiragen nan fetur ɗin mota suke sha. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima, motoci suka yi ta mutuwa a Abuja da Legas, layi ya dawo gidajen mai. Mota in ta sha gurɓataccen mai gefen titi za ka gangara ka kira bakanike. Balle wanda ya saya wurin 'yan bumburutu a jarkar da jiya kalanzir ne a ciki. Dole a ɗebi samfurin man tanki, a nemo jarkar, a je har inda aka saya. In tankin ya fashe mai ya tsiyaye, hancin mutane ma shaida ne, ana tambayar waɗanda suka fara zuwa ko sun ji warin fetur, bayan kwana biyu uku kuma ciyawar da mai ya zuba a kai za ta ƙone ta yi ɗorawa, faɗin wurin ya nuna ko da mai a jirgin ko dama ya ƙare.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya barin sawu, ƙanƙarar kafireta. In fetur na zama tururi a maƙogwaron kafireta wurin na yin sanyi sosai, zai iya faɗuwa da digiri 20 ko fi, in iska na da laima sai raɓa ta daskare a ciki ta shaƙe inji, ko da kai a waje kana jin ɗumi. Ka tuna safiyar Agusta a Jos, hazo ya kwanta kan duwatsu, digiri 17 ko 18, komai jiƙe, toh irin ranar kenan. Kafin kowa ya iso ƙanƙarar ta narke. Abin da mai bincike zai iya kawai shine ya karɓo ma'aunin zafi da laimar wannan awar daga hukumar hasashen yanayi, NiMet, ya ɗora a kan jadawali, in ya faɗa cikin yankin haɗari kuma ba a sami wata matsala ba sai ya rubuta mai yiwuwa. Ni ina girmama rahoton da ya ce mai yiwuwa fiye da wanda ya cika baki.

Yanzu mu ce an tabbatar, injin ya mutu ɗin. Sai me? Littafin Rotax na injinan nan da kansa ya gargaɗe ka cewa injin zai iya tsayawa ba sallama, kada ka bi ta inda ba za ka iya sauka ba in ya tsaya. Jirgi ba inji ke riƙe shi a sama ba, fiffike ne, shi inji tura shi gaba kawai yake. In ya mutu sai ka sauke hanci kaɗan jirgin ya riƙa zamewa kaman shirwa, kuma keken sama na dokar Amurka an ƙayyade zai iya tafiya a hankali har kilomita 44 a awa bai faɗi ba, gudun keke Napep kenan daga Terminus zuwa Farin Gada in hanya ta buɗe. Mutum ya shiga gonar masara da wannan gudun, jirgi zai lalace, ƙila ƙafa ta karye, amma galibi zai ba da labari da bakinsa. Kenan tambayar gaskiya ita ce me ya hana wannan saukar.

Amsar da ta fi yawan fitowa ita ce abin da Turawa ke kira sitol, kuma kalmar na ruɗar mutane don a mota tana nufin inji ya mutu, a jirgi kuwa ba ruwanta da inji. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka ɗan ɗaga gabansa, za ka ji iska na ɗaga shi, ka ƙara ɗagawa ta ƙara, har ka kai wani wuri da za ta daina ɗagawa ta koma tura shi baya kawai. Haka fiffike yake. Inji ya ɗauke ana cikin hawa hanci na sama, jirgin ba nauyi gare shi ba ga wayoyi da yadi na jan iska, gudunsa zubewa yake cikin sakan biyu uku, daidai lokacin da matuƙi ke cewa kai me ya faru. Sannan zuciya ta ce masa ja sandar tuƙi kada ka faɗi, ta kuma ce masa ga filin da ka taso nan bayanka juya ka koma, ga jirgin da ka zuba kuɗinka a kai. Toh juyawar nan ita ce mai kisa. In ka kwantar da jirgi digiri 60 a kwana, nauyin da fiffike ke ɗauka ninkawa yake biyu, gudun da yake buƙata don kada ya saki ya ƙaru da kashi 41 cikin 100, wato 44 ɗin nan ta koma 62, kai kuma ba ka da ita. Fiffiken ciki ya riga na waje saki, jirgi ya kife ta wannan gefen ya fara katantanwa, a tsayin bene hawa goma ba sararin da za a gyara. Malaman tuƙi har suna ce mata juyawar da ba ta yiwuwa, suna koyar da cewa ka sauke hanci ka sauka a abin da ke gabanka ko da ba ka son shi.

Mu 'yan Jos akwai ƙarin namu. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tsayin kusan ƙafa 4,200, wajen mita 1,290, na Abuja kuwa bai fi ƙafa 1,100 da 'yan kai ba. Iska a sama ta fi sirantaka, zafi kuma ƙara sirantar da ita yake. Ranar Maris da rana ta kai digiri 30 a Heipang, inji da fiffike ji suke kaman suna ƙafa 7,000, inji marar turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, kuma yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000, ka ga kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun ba a tashi ba. Jirgin da ya ɗauki mutum biyu cikin sauƙi a Abuja da safe, a nan da azahar zai ci fili ya tashi da ƙyar yana jan ciki, matuƙi ya ga dutse ko turken wuta na matsowa ya ja sanda, shikenan. A kwance injin nan gaba ɗaya ba za a sami komai ba, lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake auna komai, nauyin mamacin, na fasinja, man da ke ciki, har jakar da aka ɗaure a baya, don in nauyi ya koma wutsiya jirgin da kansa ke ɗaga hanci. Ga guguwar rani da iskar gaban hadari, wadda ke kwashe rufin kwano, ina ga abu mai kilo 115.

In kuwa kusurwa huɗun nan ba su cika ba, ko an ga alamar jirgin ya ƙi jin sanda, sai a koma kan ƙarfe da yadi. Ƙarfe na gajiya, kaman yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta katse. Bakin karaya na faɗin tarihinsa: wanda ya karye lokaci ɗaya saboda duka, bakinsa garje ne launi ɗaya, wanda kuwa ya daɗe yana tsagewa a hankali za ka ga layi-layi a jere kaman sawun ruwa a yashin rafi, wani gefen har ya yi duhu ko tsatsa, ɗan abin da ya rage ne kawai sabo. Wayar sarrafawa da ta tsinke da ƙarfin faɗuwa bakinta bajewa yake kaman tsintsiya, wadda ta daɗe tana gogar wani abu kuma za a ga ta side. Yadin fiffike rana ke cinye shi, ka dubi tamfol ɗin mai shayi bayan rani biyu, ido zai ga kaman lafiya amma yatsa zai huda, a Ingila har ɗan ma'auni gare su mai ƙugiya da ake ja da shi a ga ko yadin zai yage.

Kada a ce wannan matsalar talaka ce mai aikin a-yi-da-haka. John Walton ɗan mai kamfanin Walmart ne, yana cikin masu kuɗin duniya, ya mutu ranar 27 ga Yuni 2005 a ɗan ƙaramin jirgi samfurin CGS Hawk jim kaɗan bayan tashi daga filin Jackson Hole a jihar Wyoming. Hukumar binciken Amurka, NTSB, ta bi hanyar sarrafawa daga sanda har wutsiya, ta gano wani ɗan zobe mai riƙe bututun da ke motsa faifan wutsiya ba a mayar da shi daidai ba bayan gyara, bututun ya zame baya, wayoyin suka saki, sanda ta daina ɗaga hanci ko sauke shi. Zoben da zai shige aljihun gaba. Shi ya sa tambayar da ake fara yi wa iyali da abokai ita ce wa ya taɓa jirgin nan na ƙarshe, me ya kwance, an rubuta a littafin gyara ko a ka aka riƙe.

Na mawaƙin nan John Denver kuma ya fi koyar da yadda ake bincike ba tare da akwati ba. Shi nasa ba keken sama bane sosai, jirgi ne ƙirar gida samfurin Long-EZ da bai daɗe da saya ba, ya faɗa teku a gaɓar Monterey a Kalifoniya ranar 12 ga Oktoba 1997, mutum ne mai awa sama da 2,700 a sama. An gwada jininsa ba giya ba ƙwaya. Mai ne ya yi ƙasa a tankin da yake sha, abu mai sauƙi, ka murɗa makunni ka koma ɗaya tankin. Sai dai wanda ya ƙera jirgin ya ɗauke makunnin daga inda zane ya ce a sa shi ya kai shi bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Masu bincike suka nemo irin jirgin suka shiga suka gwada da jikinsu, suka ga ba yadda za ka juya ka kamo makunnin nan ba tare da ƙafarka ta dama ta miƙe ta danne feda ba, fedar kuma karkatar da jirgi take. Yanzu kai faɗa min, me ya kashe shi, mai, makunni, ko rashin sabo da jirgin? Cire ɗaya daga ciki ya koma gida ya ci abincin dare. Da an tsaya a kan injin ne ya mutu ba wanda zai je ya duba inda makunnin nasa jirgin yake.

Wannan ya kawo mu wuri mai nauyi a wajenmu, wato gawar. Mu in mutum ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma ba mai son a taɓa masa ɗan'uwa da wuƙa, ni ma haka. Amma likita ne kaɗai zai iya cewa zuciya ce ta buga tun a sama, ko akwai hayaƙin salansa a jini, ko maganin mura mai sa barci, ko tiramadol. In mutum biyu ne a ciki, karayar babban yatsa da tafin hannu kan nuna wanda ke riƙe da sanda lokacin da aka daki ƙasa. Ni a ganina ko iyali ba su yarda da komai ba, ɗibar jini da ɗaukar hoton ƙashi ba za su hana jana'iza a ranar ba, kuma sukan wanke mamaci daga zargin ganganci da za a yi ta yi masa a majalisu irin tamu.

Shaidun gani da ido kuwa ana sauraronsu amma da taka-tsantsan, ba don suna ƙarya ba. Ƙara na tafiyar wajen mita 340 ne a sakan, wanda ke nesa da kilomita ɗaya sai bayan sakan uku yake jin abin da idonsa ya riga ya gani, sai ya haɗa labarin a juye. Kusan kowane hatsari sai an sami mai rantsuwa ya ga wuta a sama, a je a duba ba ko tabon hayaƙi. Shi ya sa ake ɗaukar kowa shi kaɗai, a wurin da ya tsaya, tun kafin su zauna su daidaita labari. Waya ta fi su riƙe amana: na'urar GPS ko wayar matuƙin kan ajiye hanya da tsayi da gudu, bidiyon ɗan kallo kuma ana zare sautinsa a kwamfuta a lissafa juyi nawa inji ke yi a minti.

Wa ke da alhakin duk wannan a Najeriya? Hukumar binciken hatsari ce, NSIB, wadda a da ake kira AIB kafin dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa, hedikwatarta na Abuja. Ita daban, NCAA mai ba da lasin da rajista daban, kuma da gangan aka raba, don wani sa'in mai sa idon ne ya yi sake. Ƙa'idar duniya da ake bi, rataye na 13 na yarjejeniyar Chicago, ta ce manufar bincike hana na gaba ne kaɗai, ba neman wanda za a ɗaure ba, rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe so samu cikin wata 12. Mutanenmu na jin haushin wannan, wai an mutu kuma ba mai laifi. Amma ka sa kanka a matsayin yaron da ya ɗaure notin nan, in ya san cewa ni ne na nufin ofishin 'yan sanda, wallahi ko ni ne ba zan faɗa ba. Matasanmu da ke ƙera jirgi a bayan gida da injin babur muna ta yi musu tafi a Facebook, ranar da ɗaya zai tashi da gaske wannan hanyar ce za ta yi masa amfani ba tafin ba.

Abu ɗaya da ya kamata duk manomi daga Heipang har Barikin Ladi ya sani: da yawa cikin jiragen nan na ɗauke da lemar ceto ta jirgin gaba ɗaya, a Jamus ma dole ce, kuma roka ce ke harba ta. In jirgi ya faɗi ba a harba ba rokar na nan da ranta cikin tarkace, mariƙinta galibi ja ne, wanda ya ja shi ko ya yanke wayarsa yana tsaye a gabanta zai iya bin matuƙin.

Duk wannan surutun na yi shi a majalisa har shayina ya huce, Alhaji ya ce toh malam mai bincike, naka ya ƙare, shi wannan na bidiyon me ya kashe shi. Kafin in buɗe baki Oga ya goge hannu da tsumma ya ce ƙanena ya ba shi wayar. Bai ma kalli hoton ba, kanga ta ya yi a kunne ya rufe ido, ya sa aka maimaita masa sau uku. Sannan ya miƙa wayar ya ce, Alhaji wannan injin bai mutu ba fa, har ya shiga bishiya yana kuka, ka ji ba, ƙara masa wuta ma aka yi.